Facin Bakin Ƙofa

Lahadi, bayan azahar

Wannan kayen, littafin rubutun makaranta, na Fahad ne, ɗan Kawu Mahamud, taubashina. Ya yi lissafi a shafi huɗu ya gaji. Na yage su, na juya kayen na fara daga dama, da ajami. Ko ya tsince shi ba abin da zai gane. Ɗan lise ne, sakandaren boko, baƙin allo ya fi ƙarfinsa.

Yau kwana biyu da aka tafi da kakata likita, wato asibiti. Hajiya Aliya ake ce mata nan Birni. Ni Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Maigida marar cefane. Tun da aka kawo ni yaye daga Damagaram Takaya nake hannunta, shekara goma sha bakwai ke nan, ba mu taɓa wuni ba mu tsokani juna ba.

Ranar Juma'a da la'asar ta faɗi a bakin ƙofar ɗakinta, ta dawo daga alwala. Ƙashin ƙugu ne ya karye, in ji su.

Kawu ya raba aiki. Inna Zainaba, ƙanwar mamata, ita ke jinya. Fahad ke karanta ordonansi, takardar magani, yana zuwa farmasi. Ni kuwa cewa ya yi, "Kai Sha'ibu, tsare gida. Can ba wurin shashanci ba ne."

Na tsare gida. Ni da kaza ɗaya da ledar ɗaki.

Litinin, hantsi

Ledar nan ta girme ni. Kakana Malam Illa, baduku, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo ta ya shimfiɗa a kan daɓe da hannunsa. Koriya ce mai furanni ruwan ƙasa, falle biyu, ya haɗa su da ɗinkin dukanci. Da bakin ƙofa ya cinye, sai ya yanko jar fata kamar tafin hannu biyu ya yi faci, ya bi gefen da ƙananan ɗinki irin na gidan laya. Shi ne aikinsa na ƙarshe kafin idonsa ya tafi. Amarya takan ce sauran matan Birni an yi musu zobe, ita an yi mata ƙasa.

Tana da dokoki. Shara da tsintsiyar laushi, daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa, don yashi shi ne wuƙar leda. Ba a kwara ruwa. Tsumma ake tsomawa a ruwan sabulu kaɗan, a matse shi har ya daina hawaye, a goge, a bi da busasshe. In ruwa ya bi ɗinki ya shiga ƙasa, daɓe ya jiƙe, gara ta samu gida. Ƙafafun gado a kan murfin gwangwani suke zaune. Kaskon turare ba ya sauka sai a kan faranti. Akwai wani baƙin tabo kusa da gado, garwashina ne tun ina shekara shida. Har yau in ta yi baƙi sai ta nuna musu ta ce ga sadakin da mijinta ya biya.

Da can in ta ce in goge, sai in goge tsakiya in bar kusurwa, don kawai in ji ta tana faɗa. Yau na goge har ƙarƙashin gado, ba wanda ya ce mini komai.

Bakin ƙofa sau uku na goge shi.

Talata, bayan la'asar

Kawu ya zo. Bai zauna ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana taɓa facin da bakin takalminsa. Da Amarya na nan da takalmin nan bai kai wurin ba.

"Ga abin da ya kayar da ita. Wannan ɗinkin ne ya harɗe mata yatsa."

Na ce, "Shekara nawa tana bi ta kai, Kawu."

"Shi ya sa ya kamata a ce tuntuni an fitar da tsiyar nan. Na yi magana da magini. Ba wannan Asabar ba, ta sama, zai zo. A yaye ledar a zubar, a yi siminti mai kaushi."

"Ta sani?"

"Ba za ta sani ba sai ta tarar. Likita ya ce tansiyonta, jininta ke nan, ya hau, kada wanda ya kai mata maganar da za ta tayar mata da hankali. Ka ji ni?"

"Facin Malam ne fa."

"Ubanka ne ko nawa? Fata ta karya mini uwa, in tsaya ina lallashin fata?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Kawu, hularka ta karkace."

Ya dube ni ya girgiza kai, ya gyara hular, ya fita.

Laraba, da safe

Ƙiyashi a kan facin. Na share. Sun dawo.

Alhamis, azahar

Fahad ya zo ɗaukar mata zannuwa da carbinta. Ya tuɓe takalmi a waje ya shigo da farar safarsa kamar kullum, yana tafiya kamar ɗan gwamna. Ya tsallake facin bai ko duba ba.

"A'a, Malam Sha'ibu sarkin goge-goge. Tapin nan har ina ganin fuskata."

Shi tapi yake ce mata, wai faransanci.

Na ce, "Ranar Juma'a ka ce ƙarfe uku za ka zo ka nuna mata takardar jarrabawarka."

"Na tsaya kallon bal."

"Ka ce ƙarfe uku."

"To me ya dame ka da zuwana? Kewata ka yi?"

Na juya na ɗauki tsumma. Ya jira ramuwa, don bai taɓa faɗa mini ɗaya ban mayar masa uku ba. Da ya ji shiru sai ya sa hannu a goshina.

"Kai, ko zazzaɓi ne? Ka ce mini mai kan kwakwa mana, in samu natsuwa."

Na ce ya gaishe ta. Ya ce in zo in gaishe ta da bakina. Na ce gida ba kowa.

Juma'a, la'asar

Mako guda.

Ba ta yi ihu ba. Ina bayan randa a laɓe, na ji ƙarar butar da ta wuntsila, sai salati. Ta ce, "Maigida, zo ka ɗaga matarka." Har da 'yar dariya a ciki. Na zo na kama ta. Ta dafa ƙasa za ta yunƙura, hannun ya zame. Ta ɗago tafin ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta goge a zanenta ta ce, "Sha'ibu, kira Kawunka."

Ban san me ya kai ni bayan randa ba. Na sani. Ba zan rubuta ba.

Asabar, bayan magariba

An wuni ana ruwa. Rufin ya ɗiga wuri biyu, na tara kwanoni, na bi da tsumma duk ɗigon da ya fantsama. Da aka ɗauke na ɗaga gefen ledar ta bayan gado in ga ko daɓe ya sha, kamar yadda take yi duk wata.

Daɓe lafiya. Amma ga abin da na tarar a ƙasa, a jere, sun baje kamar an yi musu guga: ƙadangaren roban da na taɓa sa mata a kwanon goro, zaren da na ɗaure wa Kawu babbar riga da tabarma, da takardar da na rubuta mata saki uku ranar da ta hana ni ƙanzo. Shekara huɗu ina neman ƙadangaren nan. Ta rantse mini akuya ta cinye.

Na yi dariya ni kaɗai. Dariya a ɗakin da ba kowa wata irin ƙara gare ta, ban so ta ba.

Na mayar da komai yadda yake.

Lahadi, hantsi

Share, goge, busar. Kazar ta leƙo, na ce mata, "Hajiya, a tuɓe takalmi." Ba ta rama ba. Kaza ba ta iya wasa ba.

Litinin, bayan azahar

An yi mata aiki, an sa ƙarfe. Na dama kunu na kai har ƙofar likita, na kira Inna Zainaba ta fito ta karɓa.

"Shigo mana, ta farka."

"Na bar gida a buɗe."

"Gidan da ba kowa sai kaza? Ta tambaye ka ɗazu."

"Me ta ce?"

"Ta ce ina Sha'ibu."

"Sha'ibu ta ce?"

"To an canza maka suna ne ban ji ba?"

Na tambaye ta ko Hajiya ta faɗi yadda abin ya faru. Ta ce duk wanda ya tambaya sai ta ce masa ƙafa ce ta tsufa, ta juya fuska bango.

Na dawo a ƙasa. Da na shigo lungunmu mai shago ya ce, "Sha'ibu, kwana goma ba ka ɓoye mini murfin tukunyar shayi ba, ko ka tuba?" Na ce na tuba. Ya yi ta dariya, ya ɗauka sabuwar tsokana ce.

Talata, da safe

Kwalbar man gyaɗa na nan inda na mayar da ita. Ban taɓa ta ba. Gayan tuwo nake ci.

Ƙiyashi.

Laraba, hantsi

Facin ya yi baƙi ta gefen dama, ko makaho zai gani. Sabulu bai fitar ba, ruwan zafi bai fitar ba. Na sayo jabel, ruwan nan mai faranta tufafi, abin da ta haramta shigarsa gidan nan. Na ɗiga a tsumma na dirje. Fatar ba ta canza ba. Amma ɗigo ɗaya ya faɗa kan ledar, ya cinye fure guda, ya bar fari kamar ɗan hakiya.

Yanzu laifina biyu ke nan.

Alhamis, bayan azahar

Saƙon murya daga wayar Inna. Na ɗauka aike ne. Muryar Amarya ce, ta yi siriri kamar an tace ta. Zan rubuta shi yadda yake:

"Sha'ibu. Ina fata kana cin abinci. Ka saurara. Fata in ta sha mai, ruwa ba ya fitar da shi, ƙara tura shi ciki yake yi. Ka ɗebi toka mai sanyi ka tankaɗe, ka zuba a kai da kauri, ka danne da dutsen niƙa ta kwana. Gobe ka share ka sake. Haka Malam yake yi. Kada ka sa mini jabel. Ka ba kazata ruwa."

Ana jin Inna a gefe tana cewa, "Wane mai kuma, Hajiya?" Ta ce, "Maganar dukawa ce, ba ruwanki."

Sau goma sha ɗaya na saurara. Ba Maigida a ciki ko ɗaya.

Alhamis, la'asar

Na tankaɗe toka. Na danne.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Tokar ta tashi a dunƙule, baƙa. Na sake zubawa. Ƙiyashi sun ragu.

An sauke yashin magini a ƙofar gida, amalanke biyu, da buhunan siminti a zaure. Gobe ne.

Na riƙe waya tun safe. In na aika mata saƙo na ce za a yaye ledar, na san ko a kwance take sai ta hana. Amma Kawu zai ce facin ne. Sai ta zaɓa: ko ta bari a ɗora wa mijinta na gaske laifi, ko ta tona na wasa. Mako biyu tana kwance, ga ƙarfe a jiki, tana cewa ƙafa ce ta tsufa. In ƙara mata wannan?

Malaminmu na allo yakan ce wanda ya zubar shi ke kwashewa. A kan tawada yake faɗa. Ni kuwa kullum sai in nuna na kusa da ni.

Asabar, bayan la'asar



Sun zo da hantsi, Kawu da Fahad da magini. Magini ya fito da wuƙa zai fara ta ɗinkin tsakiya. Na je na zauna a kan facin, da tokar da komai.

Kawu ya ce, "Tashi, ba yau ba."

"Ba facin ba ne, Kawu."

"Na ce tashi."

"Mai na shafa. Man gyaɗa. Nan, a kan fatar da gefenta. Don Fahad ne, ya ce zai zo ƙarfe uku da safarsa, na so ya sha ƙasa a gabanta mu yi dariya. Bai zo ba. Na laɓe ina jira, na ji tafiya, na ɗauka shi ne."

Magini ya dubi wuƙarsa, ya mayar aljihu, ya ce bari ya je ya duba yashi. Bai dawo ba.

Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Na so marin. Da ya zo da na samu sauƙi.

Kawu ya ce, "Ta sani?"

"Ta sani tun a ƙasa."

Ya durƙusa. Ban taɓa ganin gwiwar Kawu a ƙasa ba in ba salla ba. Ya ture tokar da hannu, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ko zare ɗaya bai tashi ba.

"Kwana goma sha ɗaya ina zagin aikin ubana, kana tsaye kana gyara mini hula."

Ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe tokar hannunsa.

"Leda ta zauna. Laraba za a sallame ta. Alhamis ka bi motar Takaya, wurin ubanka, akwai aikin gona. Kada in ga ƙafarka a Birni sai na neme ka."

Ya tuɓe takalminsa, a cikin ɗakin, ya riƙe a hannu ya fita.

Fahad ya tsaya yana kallon safarsa. Can ya ce, "Da ni na faɗi, da yanzu muna dariya."

Na ce, "Da."

"Da na zo ƙarfe ukun."

Na ce masa ba nasa ba ne, kada ya ɗauka. Nawa ne duka.

Lahadi

An kwashe yashi.

Litinin, la'asar

Na koya wa Fahad goge leda, tun da shi zai riƙa zuwa. Yana rubutawa a waya da faransanci. Ya matse tsumma ya miƙo mini, na matse na fitar da rabin kofi. Na ce ashe lise ba a koyar da matsa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ka warke." Ban warke ba, bakina ne ya suɓuce.

Na nuna masa farin tabon jabel na ce nawa ne, in an tambaya.

Laraba, bayan magariba

Ta dawo. A kujera Kawu da Fahad suka ɗauko ta daga bakin lungu, mota ba ta shiga. Ta rame, ɗankwalin ya yi mata yawa. Likita ya ce sai an yi watanni kafin ta taka, shi ma da sanda.

A bakin ƙofa ta ce a sauke ta. Ta miƙa hannu ta shafa facin, ta shinshina yatsunta.

"Sau nawa ka sa tokar?"

"Biyar."

"Uku ta isa. Ka ɓarnatar mini da toka."

Idonta ya kai kan farin tabon. Ta dube ni.

Da aka kwantar da ita Kawu ya faɗa mata hukuncin da ya yanke. Na yi tsammanin za ta ce wa ya ba ɗa ikon korar mijin uwarsa. Har na shirya yadda zan ɓoye dariya. Sai ta ce, "Ka yi daidai, Mahamud. Sha'ibu, je ka haɗa kayanka."

Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe tun a ƙasa. Amma ƙugu bai san yafiya ba, ciwo yake yi. Je ka."

Alhamis, hantsi, a tasha

Motar ba ta cika ba. Ina rubutu a kan gwiwa.

Bayan asuba na share ɗakin na goge, tana kwance ta juya baya. Na matse tsumma har hannuna ya yi ja. Na gyara murafen gwangwani. Na ba kaza ruwa. Na ɗauki jakata na tsaya a kan facin na ce na tafi. Shiru. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Shiru.

Na kai zaure, na sa takalmi ɗaya.

"Maigida!"

Na koma da takalmi ɗaya a hannu. Ba ta juyo ba, bango take kallo.

"Ka bar ƙura a kusurwar gado. Daga nan nake ganinta."

Ƙarya take yi. Sau biyu na goge wurin.

Na ce, "Amarya, sai na dawo zan goge."

"To kada wanda ya taɓa ta. In an yanke gero tana nan tana jiranka."

Yaran mota na kira. Saura mutum ɗaya, in ji su, tun ɗazu.